Rozeshiya: yadda ake gane ta da wuri a baƙar fata, da yadda ake maganinta

Wata 'yar uwata mai suyar ƙosai a ƙofar gida ta yi kusan shekara biyu tana fama da fuskarta. Ta haura shekara talatin da biyar, 'ya'yanta huɗu, ko a lokacin budurci ba ta yi kurajen fuska ba, sai ga su sun feso mata a kumatu da gefen hanci. Zafin ma ya fi kurajen damunta. Takan ce ji take kamar an goga mata attarugu, ko ruwan alwala ne ya taɓa wurin sai ta runtse ido. Ta je kemis aka ba ta wani mai a ɗan bututu, irin wanda ake cewa yana maganin kowace cutar fata. Cikin kwana uku fuska ta yi sumul. Da ya ƙare, abin ya dawo ya ninka na da, ta koma ta sayo wani. Sai da ta ƙarar da bututu fiye da goma kafin ta ga likitan fata. Ya haska fuskar, ya tambaye ta abin da take shafawa, ya ce mata rozeshiya ce, kuma man nan shi ne ke rura wutar.

Likitoci na rubuta sunan cutar rosacea, daga kalmar Latin mai nufin launin furen wardi. Sunan kansa ya nuna fatar da aka fara ganinta a kai. An fi saninta a arewacin Turai, wajen mutanen Ailan da Birtaniya da maƙwabtansu, inda kumatu ke yin jajir ana hangowa daga nesa, kuma hotunan da ke cikin littattafan likitanci kusan duk nasu ne. Wani babban nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 5 cikin kowane baligi 100 na da ita. Mu ma muna cikin lissafin. Abin da ya bambanta mu shi ne duhun fatarmu na rufe jan, sai a ɗauke ta kurajen balaga ko zafin jini, a yi ta shafe-shafe har ta yi nisa.

Cuta ce ta kumburin fatar tsakiyar fuska, tana lafawa tana tashi. Jijiyoyin jinin fuskar mai ita na saurin buɗewa, garkuwar fatarta na yin faɗa da abin da bai kai a yi faɗa da shi ba, kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ake kira Demodex, waɗanda ke zaune a ramin gashin fuskar kusan kowane baligi, sun fi yawa a fatarta. Tana bin jini a wasu gidaje. Ba a ɗaukarta daga wani, ba ƙazanta ke kawo ta ba, ba kuma jifa ba ce. An fi ganinta daga shekara 30 zuwa sama, mata sun fi zuwa da ita, shi ya sa zan riƙa cewa "ke". Amma maza su karanta da kyau, domin mafi munin nau'inta ya fi kama su.

Mataki na farko: saurari fatar kafin ki dubi madubi

Ga mai baƙar fata, abin da take ji ya fi abin da take gani faɗin gaskiya. Ki tambayi kanki: fuskarki na ɗaukar ɗumi haka kawai, kamar kin sunkuya kan tukunya, bayan kin sha shayi mai zafi, ko kin shiga rana, ko ranki ya ɓaci? Ɗumin na wuce 'yan mintuna bai sauka ba? Sabulu da man da kika saba da su shekara da shekaru sun fara yi miki raɗaɗi? Fatar ta bushe, ta yi kaushi, tana ɗan saɓa, wani lokaci ta ɗan kumbura?

Sannan ki fita tsakar gida da madubi da hantsi, domin hasken ƙwan lantarki na ɓoye launi. Ki dubi kumatu, hanci, haɓa da tsakiyar goshi, ki gwada su da fatar kusa da kunne da ta wuya. Mai hasken fata, ko zabiya, za ta ga ja sosai, har da siraran jijiyoyi kamar zare a gefen hanci. Mai duhun fata abin da za ta gani shi ne wurin ya fi sauran fuska duhu, ya yi launin ƙasa-ƙasa mai ratsin shuɗi ko ja mai duhu. Akwai dabarar da likitoci ke yi: a danna fatar da gilashi mai tsabta. Idan wurin ya yi haske a ƙarƙashin gilashin, ya koma yadda yake bayan an ɗaga, jini ne ya taru, wato jan na nan a ɓoye. Gindin kofin gilashi ma zai yi miki wannan aiki.

Ki ɗauki hoto da waya a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, sau ɗaya a mako, ki kuma ɗauka a ranar da ta tashi. Sau da yawa ranar da aka samu ganin likita fuskar ta lafa, hoton ne zai yi miki shaida.

Mataki na biyu: raba ta da masu kama da ita

Kurajen rozeshiya ƙanana ne, wasu da ɗan farin ruwa a kai, suna taruwa a tsakiyar fuska. Babban abin da ya raba su da kurajen balaga shi ne babu baƙaƙen ɗigon nan na toshewar ramin gashi da ake matsewa su fito kamar tsutsa. Kurajen balaga kuma sukan bazu har ƙirji da baya, rozeshiya ba kasafai take barin fuska ba. Idan saɓar mai maiƙo ce, a gira da gefen hanci da cikin gashin kai, ta fi kama da amosani, ko da yake mutum ɗaya na iya haɗa biyun.

Wadda nake so ki fi kiyayewa ita ce lufus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita. Ita ma tana yin tabo a kumatu da karan hanci, kuma ta fi kama mata baƙar fata fiye da Turawa. Idan tare da matsalar fuskar akwai ciwon gaɓoɓi, zazzaɓi mai kai-komo, zubewar gashi, gyambo a baki, kumburin ƙafa ko kasala mai tsanani, maganar ta wuce ta man shafawa. Ki je asibiti a yi gwajin jini da na fitsari, domin lufus na taɓa ƙoda.

Mataki na uku: ɗauko duk abin da kike shafawa ki karanta jikinsa

Nan ne mafi yawan mutanenmu ke faɗawa rami. Ki zube mayukanki a tabarma, ki duba ƙananan rubutun da ke jikin bututu ko kwali. Idan kika ga clobetasol, betamethasone, dexamethasone, fluocinonide ko hydrocortisone, to sitiroyid ne, wato magani mai danne kumburi. Mayukan nan masu haɗi uku da ake sayarwa a kemis don ƙaiƙayi da ƙyasfi yawancinsu na ɗauke da ɗaya daga ciki. Haka man bilicin da yawa, da haɗin da ake zubowa a roba babu suna babu takarda, wanda mai haɗawa ke ce wa "na gyaran fata ne kawai".

Sitiroyid na matse jijiyoyin jini ya kwantar da kumburi nan take, shi ya sa ake ganin kamar an dace. Amma idan aka ɗauki makonni ana shafa shi a fuska, fatar na yin siriri, jijiyoyin su saki, ƙwarin nan su ƙara yawa. Yana tsananta rozeshiya ga mai ita, yana kuma haifar da irinta ga wadda ba ta da ita tun farko. Da an tsaya sai fuska ta yi bore, mai ita ta tsorata ta koma, haka za a yi ta zagaye.

Dole a rabu da shi, amma ki san abin da ke gabanki. Kwanakin farko fuskar za ta fi da muni: zafi, kumburi, kuraje, saɓa. Wannan na iya ɗaukar makonni. 'Yar uwata ta ce mako na biyu ko ƙofar gida ba ta son leƙawa, 'yarta ce ta riƙe mata kaskon. Wannan boren alama ce ta fata tana neman abin da aka saba mata da shi, kuma yana wucewa. Likita na iya rage miki ƙarfin man a hankali, ya haɗa miki da maganin sha don ki iya jurewa. Wadda kuma ta yi watanni ko shekaru tana shafa mai ƙarfi a duk jikinta, kada ta yanke shi rana ɗaya ita kaɗai. Yana ratsa fata ya shiga jini, har jiki ya rage yin nasa sitiroyid ɗin da yake samarwa da kansa, yankewa kwatsam na iya jefa ta cikin haɗari. Ta je asibiti da robar man a hannunta, ta faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana shafawa. Ba wurin jin kunya ba ne.

Mataki na huɗu: gano abin da ke tayar miki da ita

Kowa da nasa. Ki samu ɗan littafi, ko ki rubuta a waya: ranar da fuska ta ɗau zafi, me kika ci, me kika sha, ina kika je, me kika shafa. Cikin wata guda za ki ga abin da ke maimaita kansa.

Rana ce kan gaba, sai zafi kowane iri: zafin bazara, hucin murhu, tururin tuwo, wanka da ruwa mai ƙuna. Sai abin sha mai zafi da abinci mai yaji. Iskar hunturu ma na tayar da ita saboda bushewa da ƙura. Ɓacin rai da damuwa na ciki, haka giya ga masu sha.

Ba na son a ce wa mace ta daina girki ko ta bar sana'ar da take ci da 'ya'yanta, wannan shawarar wanda bai san gida ba ce. Abin da za a iya shi ne rage hucin da ke dukan fuska. A fitar da murhu inda iska ke kaɗawa, a zauna ta gefen da hayaƙi ba ya bi, a nemi matsami mai dogon hannu, a ajiye ƙwaryar ruwan sanyi da tsumma mai laushi a riƙa dafa wa fuska da wuya. Shayi a bar shi ya huce, domin zafinsa ne ke buɗe jijiyoyi. Yaji kuma ki gwada rage shi mako biyu ki gani. Idan babu bambanci, ki ci abinki. Babu amfanin ki haramta wa kanki abinci goma alhali ɗaya ne ke damunki.

Mataki na biyar: sauƙaƙa wa fuskar

Fatar mai rozeshiya kamar ɗanyen gyambo take, ba ta son gurza. Ki ajiye soso. Ki ajiye dilka da halawa da kurkum da lemon tsami a fuska, ko da biki ya matso, haka turara fuska da tururi ko hayaƙin turaren wuta. Sabulun salo da sabulai masu kashe ƙwayoyin cuta sun yi mata kaifi. Duk abin da ke da turare mai ƙarfi, ko mai sanyin mantileta, ko wanda kika shafa kika ji yana cizo, ba naki ba ne. Wannan cizon da ake cewa alamar magani na aiki ne, a wurinki alamar ɓarna ce.

Ki wanke fuska sau biyu a rana da abin wanki marar ƙamshi, da tafin hannu, da ruwa mai ɗan ɗumi ko na randa. Wajen alwala ki zuba ruwan a hankali ba tare da dirza ba, ko da hunturu ne kada ya zama mai zafi, ki dafa da tawul mai laushi. Sannan ki shafa mai marar turare don riƙe danshi. Duk sabon mai, ko man kaɗanya ne, ki fara gwada shi a gefen wuya kwana uku kafin ya hau fuska.

Sai man kariya daga rana, wanda da yawanmu ke ganin na Turawa ne. Ki nemi mai lamba SPF 30 ko sama, wato lambar da ke jikinsa mai nuna ƙarfin kariyarsa. Masu ɗauke da zinc oxide ko titanium dioxide sun fi sauƙin raɗaɗi, sai dai sukan bar fari-fari kamar toka a baƙar fata, don haka ki nemi wanda aka sa wa launi. Alwala na wanke shi, ki sake shafawa idan za ki koma rana. Idan kuɗinsa ya yi yawa, lema da malafa da bin inuwa tsakanin hantsi da la'asar suna rage abu mai yawa. Kada ki matse kurajen. A fatarmu kowane ƙurji da aka taɓa yana barin baƙin tabo na watanni, tabon kuma shi ke tura mata komawa ga man bilicin.

Mataki na shida: ganin likita, da magungunan da zai iya rubutawa

Likitan fata ya fi dacewa, ana samunsu a asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da sauran manyan birane. Babu gwajin jini da ke nuna rozeshiya, da ido da tambaya ake gane ta, shi ya sa hotunanki da littafinki da buhun mayukanki ke da daraja. Ki faɗa masa idan kina da ciki, kina shayarwa, ko kina neman haihuwa.

Ga kuraje, akwai mayuka uku da aka fi amfani da su. Metronidazole na shafawa, mai ƙarfin kashi 0.75 ko kashi 1 cikin 100. Azelaic acid mai kashi 15 ko 20, wanda ke da ƙarin amfani a gare mu domin yana rage baƙin tabo, sai dai yakan yi ɗan cizo a makonnin farko. Sai ivermectin mai kashi 1, sau ɗaya a rana, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2014, yana kashe ƙwarin Demodex yana kwantar da kumburi. Kada wani ya ce miki ki daka ƙwayar metronidazole ki kwaɓa, ko ki shafa ivermectin na dabbobi. Ba haɗinsu ɗaya ba, suna iya cutar da fatar.

Idan kurajen sun yi yawa, ana ƙarawa da doxycycline na sha, na makonni 8 zuwa 12 galibi. Ana ba da shi ne saboda yana kwantar da kumburi, shi ya sa ƙaramin awo, kamar miligiram 40 ko 50 a rana, kan wadatar. Ki sha shi da cikakken kofin ruwa, kina zaune, kada ki kwanta sai bayan aƙalla rabin awa, in ba haka ba yana iya ƙona maƙogwaro. Mai azumi ta sha bayan buɗa-baki, ba a sahur ɗin da za ta koma barci ba. A raba shi da fura da nono, da maganin ƙarin jini, da maganin gyambon ciki na alli, da kamar awa biyu zuwa uku. Yana sa fata saurin ƙonewa a rana. Mai ciki ba ta shansa, ƙananan yara ma haka.

Wadda duk wannan bai yi mata ba, likitan fata na iya ba ta isotretinoin kaɗan-kaɗan. Yana aiki ƙwarai, amma yana nakasa jariri a ciki, don haka ba a ba mace sai da gwajin ciki da tsayayyen tsarin hana ɗaukar ciki. Ba maganin da za a saya a kanti ba ne. Akwai kuma brimonidine da oxymetazoline na shafawa masu rage ja na wasu awanni, da leza, wato na'ura mai harba haske mai ƙarfi, don jijiyoyin da suka fito. Leza a baƙar fata sai hannun wanda ya san irin na'urar da ta dace da ita, domin wadda aka yi don farar fata na iya barin tabon da ya fi cutar muni.

Haƙuri shi ne rabin maganin. Wanda ya saba da man da ke gyara fuska cikin kwana uku zai raina wanda ke ɗaukar wata guda kafin a fara ganin alama. Ki ba shi wata uku cur. Rozeshiya ba ta warkewa ta tafi gaba ɗaya, amma tana kwanciya har a manta da ita, kuma likita kan bar mutum a kan man shafawa ɗaya bayan an daina na sha, don kada ta dawo.

Mataki na bakwai: ido da hanci

Da yawa daga masu rozeshiya tana taɓa musu ido, wani lokaci ma idon ke riga fuska. Za ki ji kamar yashi a ciki, ya bushe ko ya yi ta hawaye, bakin fatar ido ya yi ja da ɓawo a gindin gashi, hazbiya ta riƙa fitowa tana komawa. Da hunturu kowa zai ce ƙura ce. Ki jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, ki ɗora kan ido a rufe minti 5 zuwa 10, ki goge gindin gashin a hankali, safe da dare. Ki huta da kwalli har ya lafa. Ruwan ɗigawa mai sa danshi na taimakawa, amma kada ki ɗiga maganin ido mai sitiroyid ba da umarnin likita ba. Idan ido ya fara ciwo, ko ba kya iya kallon haske, ko gani ya dushe, ki ga likitan ido a ranar, domin cutar na iya kaiwa ga baƙin ido ta bar tabo.

Hanci kuma na maza ne galibi. Fatar kan fara kauri, ramukan gashi su buɗe, ƙarshen hancin ya yi tudu-tudu yana girma a hankali cikin shekaru. A Turai an daɗe ana kiransa hancin mashaya, kuma wannan zargi ne marar tushe: yana samun wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba. Magidancin da ya ga fatar hancinsa ta fara kauri tana maiƙo, ya je tun yanzu, lokacin da maganin sha ke iya rage kumburin ya tsayar da ita. Idan naman ya riga ya taru, magani ba ya narkar da shi, sai likita ya fere shi da wuƙar tiyata ko leza ko na'urar ƙonawa, fatar ta sake tsirowa cikin 'yan makonni.